Rijiyar da Nake Haƙawa a Tuwon Alhaji

Shekara arba'in da ƴan kai na yi ina kai wa mutum guda akushi. Damina biyu ke nan da aka binne shi, amma har yau idan aka kwashe tuwo sai in ji hannuna ya tashi da kansa yana laluben faifan rufi. Ina kuka, ba na ɓoyewa. Jikokina sun saba, sai su ce tsohuwa ta fara. Sai dai abin da zan faɗa yau ba kukan rashi kaɗai ba ne, akwai kunya a ciki, kuma ita ta fi danne ni. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Matar ɗana ce ke riƙe da alƙalami, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana a wurin da na yi laifi.

Alhaji dillalin dabbobi ne a kasuwar Dakoro. Idan ya ɗora hannu a gadon bayan rago ya matsa gindin wutsiya, zai gaya maka ko dusa da harawa aka ba shi ko kuwa ruwa aka ɗirka masa da safe don ya cika ido. Lokacin da aka kawo ni gidansa daga ƙauyenmu na wajen Birnin Lalle, shi kansa babu mai sayen da zai taya shi. Siriri ne, ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

Ni kuwa na taso na ga yunwa da idona. A shekarar da hatsi ya ƙare a rumbuna shanu suka zube, uwata tana da ɗan man shanu a ƙoƙo, bai isa a zuba a miyar gida ba. Sai ta riƙa huda malmalar babanmu da babban yatsa tun tuwon na da zafi, ta saka mai kamar ƙwayar gujiya, ta shafe bakin ramin har ba a gane wurin. Wata rana ta kama ni ina kallo. Ta ce, "Shi ke fita nema mana. In ya faɗi, mun faɗi duka. Ki riƙe bakinki."

Na riƙe bakina, na kuma riƙe dabarar. Tun makon farko na aure na fara yi wa Alhaji. Ranar da ya fara tarar da mai ya narke a tsakiyar tuwo, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ke, rijiya kika haƙa mini?" Daga nan sunan ya zauna tsakaninmu mu biyu. Da Allah ya buɗa masa, man ya ƙaru, aka samu nama, aka samu shinkafa da taliya, aka samu shayi sau uku a yini da sukari har cokali na tsayawa. Ya yi jiki, wuya ya cika, babbar riga ta zauna masa. Idan ya wuce, matan unguwa su ce mini, "Kin iya kiwo." Ba ni da karatu, ba ni da sana'ar a zo a gani. Jikin Alhaji shi ne abin da nake nunawa.

Mu shida ne a gidan a ƙarshe: ni da shi, da ɗanmu na fari mai shago a bakin tasha, da matarsa da ke koyarwa a lakwal, da ɗiyansu biyu. Duk manyan mun yi nauyi. Ni gwiwa ta hana ni durƙuso, ɗan nawa kuwa yini yake zaune bayan kanta, cikinsa ya fara bin na ubansa.

Wata ranar kasuwa jiri ya kwashi Alhaji yana tsakiyar ciniki, ya zube zaune a gindin turke. Aka kai shi gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya sa shi ya hau kilo, ya girgiza kai. Ya ce jininsa ya hau ƙwarai, sukari ma yana bakin ƙofa. Ya ba shi ƙwayoyi da wata takarda, ya ce sai ya yi rejim, ya rage jiki, in ba haka ba ƙwayar kaɗai ba za ta riƙe shi ba.

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida. Matar ɗana ba ta zama gaban surukinta, don haka daga bayan zana ta karanta takardar, mijinta yana maimaitawa. Takardar mutanen birni ce. An ce ganyen salati kullum, da gasasshen kifi, da wasu ƴaƴan itace da ban taɓa gani ba.

Alhaji ya ce, "Kifi? A Dakoro? Ku tambaye ta ko a randa za ta kamo mini."

Ɗan nawa ya yi dariya har yana riƙe ciki. Alhaji ya nuna shi da carbi ya ce, "Kai ma kana dariya? Je ka hau kilon nan ka gani in bai yi kuka ba." Sannan ya ɗaure fuska ya ce, "Abu guda zan gaya muku. Ba za a ware mini tukunya ba kamar mai jego. Abin da gida ya ci shi zan ci."

Yarinyar nan, matar ɗana, ba ta yi fushi ba. Washegari ta koma wurin majo, suka zauna suka sake lissafi da abin da ake samu a garinmu. Ta dawo ta ce, tunda Baba ba ya son a ware shi, to gida duka zai koma tukunya guda irin tasa. Tuwon hatsi na nan, amma malmala ta ragu. Miyar kuka da kuɓewa da yakuwa na nan, amma man da ake zubawa da ludayi ya koma cokali biyu, gishiri da dunƙulen miya a rage. Wake ya yawaita, zogale ya yawaita, shinkafa da taliya sai ranar Juma'a. Fura a dama da tsala, nonon da aka cire wa mai, ba sukari. Shayi sau ɗaya. Ba wanda zai kwana da yunwa, yara kuma a ƙara musu nono da ƙwai tunda su girma suke yi. Babu abin da ta kawo wanda ya fi ƙarfinmu. Ni kaina na ce to.

Wata biyu aka yi a haka, kuma ya yi aiki. Alhaji ya daina haki idan ya dawo daga masallaci. Ni ma na ji gwiwata ta sassauta. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da abin faɗa.

Amma a unguwarmu ba a cin abinci a ɓoye. Duk gidan da aka sauke tukunya sai an aika wa maƙwabta kwano, su ma su aiko. Shekara da shekaru kwanon gidana ne ke zuwa mai na yawo a kan miya. Yanzu sai ya riƙa zuwa fayau. Maƙwabciyata ta jikin katanga ta leƙo ta ce, "Ƙawa, mai ne ya yi tsada ko madam surukarki ce ta karɓe ludayi?" Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Sai kuma Alhaji ya dawo daga kasuwa yana ba da labari. Wai wani abokinsa Buzu ya kama shi a kwiɓi gaban jama'a, ya matsa kamar yadda suke matsa dabba, ya ce, "Wanga rago ba zai kai layya ba, wa ke kiwonsa?" Shi dariya yake yi. Ni kuwa kalma ɗaya na ji: wa ke kiwonsa. A wani suna kuma wata dattijuwa ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali, ko Alhaji ya karye ne a kasuwa, ko kuwa wani ciwo ne ba mu son faɗa. Na dawo gida na dubi rigarsa tana lilo a kafaɗa, sai na ga babana a shekarar yunwa.

Akwai wata Bafulatana da ta daɗe tana kawo mini nono da man shanu duk ranar kasuwa. Da na daina sayen mai sai ta riƙa tsokanata, ta ce, "Kaɗo, kun tuba da daɗi ne?" A makon nan na ce ta ba ni curi guda. Na ce na shafawa ne a kaushin ƙafa. Ta dubi ƙafata, ta dubi curin, ta ce, "Wannan ƙafa taki za ta yi ƙiba." Na saka shi a ƙoƙo, na tura ƙarƙashin gado.

Ga yadda abin ya yiwu. Matar ɗana ce ke girki, amma ba ta kai wa surukinta abinci, ba ta kuma ganin yana ci. Kunya ta hana, haka muka gada. Ita ta kwashe ta rufe, ni in ɗauka in kai. Kuma daga murhu zuwa ɗakin Alhaji sai an bi ta ƙofar ɗakina. Taku uku ne in shiga, in buɗe faifai, in huda, in saka, in shafe, in fito. Ladabin da yarinyar nan take yi mana, shi na yi amfani da shi na cuce ta.

Ranar farko da ya kai loma ta uku sai ya tsaya. Ya dube ni ta gefen ido.

"Ashe rijiyar ba ta ƙafe ba."

Na ce, "Ci ka yi shiru."

Ya ce, "In madam ta ji, ni ba ruwana, ke za ta kora daga aji."

Muka yi dariya kamar yara. Wallahi na ji daɗi a ranar, ba zan yi ƙarya ba. Ya sani, bai hana ni ba, amma ba zan ɗora masa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana karɓa daga hannunki ba zai fara mayarwa da tsufa ba. Na ce a raina ƙwayar gujiya ce, mi za ta yi? Sai ƙwayar gujiya ta zama kamar goro, goro ya zama kamar ƙwai. Na ƙara da sukari a furarsa. Na ƙara da kilishi a aljihun rigarsa.

Duk ƙarshen wata mu huɗu muke zuwa gidan likita mu hau kilo, majo ya rubuta a ɗan littafin kowa. Ɗana yana sauka, matarsa tana sauka, ni ma ina sauka. Alhaji kaɗai ya tsaya, sannan ya fara hawa. A wata na biyar majo ya ajiye alƙalami ya fuskanci yarinyar nan.

"Madam, ke da kika yi karatu, ke ma sai an bi ki da bulala? Mi kike ba tsohon nan?"

Ta ce, "Abin da muke ci shi yake ci."

"To iska ce ke ƙara masa nauyi?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ina zaune kusa da ita a kan banci. Na tura hannuna na dama cikin mayafi, don na ji kamar kowa a ɗakin yana jin ƙamshin mai a yatsana. Alhaji ya kafa wa bango ido. Babu wanda ya buɗe baki a cikinmu.

Da muka koma gida ta ɗauka kuskurenta ne. Cokali biyu ya koma ɗaya, daga baya ta cire man gaba ɗaya. Yara suka fara tura kwano. Mijinta ya fara ƙorafi. Ita tana ragewa a tukunya, ni ina ƙarawa a ɗaki, don a ganina yanzu ma ya fi buƙata. Tun daga curin farko, wata goma muka yi a haka.

Wata safiya yana naɗa rawani zai tafi kasuwa, sai rawanin ya zame daga hannunsa. Ya kira ni, bakin ya karkace, maganar ba ta fita. Aka ɗauke shi a mota zuwa Maraɗi. Kwana huɗu ya yi, ɓarin jikinsa na dama bai sake motsi ba, ya cika ina riƙe da ƙafarsa.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Babu likitan da ya ce man shanu ne ya kashe shi, ban kuma san ko da ban yi ba zai ƙara shekara ko yini. Wannan na bar wa Allah. Abin da ba zan iya bar wa kowa ba shi ne wanda ya biyo baya. A zaman makoki, ina lulluɓe cikin takaba, na ji mata a bayana suna magana ƙasa-ƙasa. Wai surukar boko ta hana tsoho abinci har jininsa ya bushe. Wai mutum da ƙarfinsa aka mayar da shi cin ganye kamar akuya. Yarinyar tana wucewa da butoci tana ji. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke ta. Na ja mayafi na ƙara rufe fuska, aka ɗauka kuka ne.

Haka na zauna da abin shekara guda da rabi. Rejim ya watse a gidan, kowa ya koma yadda yake. Sai ɗana ya fara ciwon kai, idanunsa su yi ja, ya hau ɗan tudu ya tsaya yana haki. Matarsa ta matsa masa ya je awo. Majo ya faɗa masa abin da ya faɗa wa ubansa, kusan kalma da kalma. Ya dawo ya jefa takardar a kan tabarma. Ina ɗaki ina ji.

Ya ce, "Baba ya shekara yana cin ganye, mi ya hana? Kullum ƙara nauyi yake yi, ga shi ya tafi. Jininmu ne haka. Ki zuba mini mai in ci abina, ranar da ta zo ta zo."

Ba wauta yake yi ba. Abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Duk duniya ni kaɗai na san cewa ubansa wata biyu rak ya yi rejim, kuma a wata biyun nan ya samu sauƙi.

Bayan kwana biyu yarinyar ta same ni ina tsince wake. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi masa magana. Ke zai ji."

Na ce, "Ɗiyata, ɗan fari ne. Kin taɓa jin na kira sunansa? Kin taɓa ganin mun zauna mun yi hira?"

Haka ne kuwa. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Tun yana goye ban yi masa wasa gaban mutane ba, idan ina da saƙo sai in faɗa wa iska shi kuma ya tsinta.

Ta ce, "Na kasa da Baba, Inna. Har yau ban san inda na yi kuskure ba. Ina tsoron in kasa da wannan ma."

Waken ya zube daga hannuna. Na sunkuya ina tattarawa.

Washegari Juma'a ce. Ɗana ya dawo daga masallaci ya zauna a rumfa, ta ajiye masa abinci. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙoƙon nan, da sauran tsohon mai a gindinsa ya yi ɗaci, don ban iya zubarwa ba. Na ɗauko malmala ɗaya daga murhu. Na zo na zauna a bakin tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya yi zumbur zai tashi. Na ce wa matarsa, "A ce masa ya zauna."

Na huda tuwon da babban yatsa a gabansu. Na lakato man na saka. Na shafe bakin ramin har ya koma sumul. Na tura akushin tsakiyarsu. Fuskata na wajen yarinyar, don ba zan iya duban shi ba.

Na ce, "A gaya wa mai gidan nan, ubansa bai shekara yana cin ganye ba. Wata biyu ya yi, kuma ya ji sauƙi. Sauran wata goman, ga abin da ya ci. Tsakanin murhu da ɗakinsa nake yi. Da sukari a fura. Ba jininku ba ne, hannuna ne."

Ɗana ya dubi malmalar. Can ya ce, yana kallon ƙasa, "Kullum?"

"A ce masa kullum."

Yarinyar ta dube ni. Ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ba sai ranar. Ta ce, "Inna, ranar da majo ya yi mini faɗa, kina zaune kusa da ni."

Na ce, "Ina zaune."

"Ranar makoki ma kin ji abin da suke cewa."

"Na ji."

Ta tashi ta shige ɗakinta. Shi ma ya sa takalmi ya fita, bai taɓa abincin ba. Na zauna ni kaɗai da malmalar, man yana tsattsafowa ta gefe.

Kwana uku bai ci a gida ba. Ita kuwa kowace safiya sai ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta ajiye mini kunu ta tafi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. A kwana na huɗu da hantsi na ji shi tsaye a tsakar gida, yana magana da ƙarfi kamar da katanga yake.

"A gaya wa tsohuwa ta ɗauko mayafinta. Yau za a hau kilo, kuma gida duka za a tafi."

Muka tafi. A gaban majo na sake faɗar abin da na yi, don shi ma ya san wadda ya yi wa faɗa ba ta da laifi. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ba yarinyar haƙuri. Daga ranar aka koma tukunya guda, cokali biyu, irin tsarin farko kafin in ɓata shi. Ɗana yana sauka a hankali. Wani watan ya tsaya, don na san mai tsire na nan kusa da shagonsa, amma ciwon kan ya ragu, yana kuma shan ƙwayarsa.

Na je wurin maƙwabciyata ta jikin katanga na gaya mata gaskiya, na ce ta gaya wa sauran. Ta yi dariya ta ce, "Don wannan kike kuka? Wace ce ba ta yi wa mijinta?" Ba ta ga laifi ba, ban kuma san ko ta isar ba. Shi ya sa na ce a rubuta, don maganar ta fita daga bakina zuwa inda ba za a rage ta ba.

Yarinyar ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe. Muna hira, tana yi mini kitso. Amma idan ta kwashe tuwon mijinta ta rufe, ita ke ɗauka da hannunta, kuma ba ta bi ta ƙofar ɗakina. Ta bayan rumbu take zagayawa, ko da rana ta take. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon ta tana yin doguwar hanyar, hannuwana a kan cinya.